Ya Falmata Mai Wankan Gawa

Shekara goma sha ɗaya, duk matar da ta rasu a layinmu na Madaki, Ya Falmata ce ta yi mata wanka. Daga Borno ta zo lokacin gudun hijira, ita da 'yarta Yagana, suka kama ɗaki a gidan da muke katanga ɗaya. Ƙwarya, ganyen magarya da kafur, su ne kayan aikinta. Ita ta wanke mahaifiyata, kuma wallahi yadda ta riƙa juya tsohuwar nan a hankali, sai ka ce tsoro take kar ta tashe ta.

Da mantuwa ta fara kama ta, ba mu lura ba. Sai wata Talata da hantsi ta yi sallama gidan Malam Aƙilu da ƙwarya a hannu, ta ce ina mamaciyar take. Matar gidan na zaune tana tsince shinkafa, lafiyarta ƙalau. Ya Falmata ta dube ta daga kai har ƙafa, irin kallon mai auna likkafani. Bayan kwana tara zazzaɓi ya kwantar da matar. Ta warke fa, tana nan da ranta, amma wa ya tsaya jin wannan? Mutanen da ta wanke wa iyaye, su suka fara ce mata mayya. Har yau abin yana ƙona mini rai. Da an ji ƙanshin kafur a lungu, sai ka ji ana saka sakata da rana tsaka.

Yagana ta kai ta asibiti, ni na raka su. Likita ya tambaye ta wace shekara muke, ta yi shiru. Ya nuna Yagana ya ce, "Mama, wannan fa wace ce?"

"Wata baiwar Allah ce mai ba ni abinci."

Ya ce ba aljanu ba ne, ba maita ba ce, cutar mantuwa ce, ƙwaƙwalwa ke lalacewa, kuma babu maganin warkewa sai kulawa. Kuɗin hoton ƙwaƙwalwar kaɗai ya cinye keken ɗinkin Yagana. Ta daina fita ko'ina saboda gadin ƙofa kar uwar ta fice, mai neman aurenta ma ya ɗauke ƙafa.

"Yaya, duk wannan bai dame ni ba," in ji Yagana. "Shekara biyu ba ta kira sunana ba. Sau ɗaya kawai nake so."

Wata rana bayan azahar na shiga kai musu kunu. Ba motsin kowa, sai ƙarar zubar ruwa. Na tarar da Yagana kwance a tabarma, gajiya ta kayar da ita. An ɗaure mata haɓa da ɗankwali, an juya ta tana fuskantar gabas. Tsohuwar na durƙushe tana wanke mata hannun dama, yatsa bayan yatsa, hannunta ko rawa ba ya yi.

Zan yi ihu ke nan, Yagana ta ɗan buɗe ido ɗaya, ta yi mini alama in yi shiru.

Ya Falmata ta ɗago, idonta tar, irin na da.

"Kin zo? 'Yata ce, Yagana. Autata. Je ki ɗumama ruwan, tun tana ƙarama ba ta son na sanyi."

Na je na hura wuta ina kuka. Da na dawo, tana yi mata kitso uku, tana ta ambaton sunanta. Hawaye na gangara cikin kunnen Yagana, amma ta danne numfashinta har aka gama.

Da Yagana ta tashi zaune, uwar ta ja da baya, ta tambaye ta ko 'yar gidan wa ce.

Yanzu idan abin ya ishi Yagana, da kanta take ɗumama ruwan, ta shimfiɗa tabarma, ta kwanta ta rufe ido.