Gayya A Bakin Kadarko

Jama'a, yau na ga abin da ban taɓa gani ba a hanyar Maradi!

Mun taso daga Madarumfa, babbar motarmu kamiyo maƙil da gyaɗa, ga shi yau ake rufe saye a sikelin Maradi. Muna isa kadarko sai jandarma ya ɗaga hannu.

"Alhaji, lodin nan ya wuce doka. Motar ba ta hawa."

Direbana Idi ya harzuƙa. "Haba jandarma! Kullum doka, doka! Doka za mu ci?"

Jandarman bai yi fushi ba. Ya nuna mana tsaga a gindin kadarkon, ya ce, "Irin lodin nan ya kashe ƙanena bara."

Na ga gaskiyarsa. Amma gyaɗar manoma ce, amana ce a hannuna!

Sai wani dattijo daga gonar gefen hanya ya ƙwala kira: "Gayya! Ku fito!" Nan take maza suka taho da amalanken jakuna, suka fara rage lodi suna tsallakar da buhunan, don motar ta samu hawa kadarkon.

Jandarman ya tuɓe hularsa ya miƙa wa Idi.

"Riƙe, sarkin surutu. Aza mini buhu, kada a rufe muku sikeli."