Shekarar da Jirgi Ya Tashi Ba Ni

Shekarar da na samu kujerar Makka, aka tara mu maniyyata a sakatariya aka yi mana allurar riga-kafi. Kowa ya murza damtsensa ya kama gabansa. Ni ma na hau babur na koma Yako, har na biya gona na duba masara.

Bayan 'yan kwanaki cinyoyina suka yi tsami kamar an daka ni a turmi. Na ce gajiyar noma ce. Matata ta dafa ruwa ta gasa mini, ba su saki ba. Sai kafaɗu suka karɓa, har ɗaukar buta ya zama aiki. Rannan na zaga bayan gida, na ga fitsarina ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Na kora da ruwa, na fito ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake a ce ba ni da lafiya a soke sunana, bayan na tsufa ina jiran tafiyar nan.

Matata ce ta gano ni, da ta ga na yi sujada na kasa tashi sai da na dafa garu.

"Malam, da ƙafafun nan za ka yi ɗawafin?"

"Allah zai kai ni."

"Zai kai ka mana. Dawowar nake ji. Tun jiya ban ga ka zaga ba."

Na daka mata tsawa. Ba ta kula ni ba, ta kira babban ɗanmu. Aka sa ni a tsakiyar babur, maƙwabci na riƙe da ni ta baya, har Kwanar Dangora, daga nan mota zuwa asibiti a Kano.

Likita ya duba jinina ya ce tsokar jikina ce ta kumbura tana narkewa, dattinta yana neman toshe ƙoda. Ya ce allura kan jawo haka, amma da wuyar gaske. Da ya tambayi ranar da fitsarin ya sauya, sai na sunkuyar da kai.

Aka yi ta ƙara mini ruwa, leda bayan leda. Ina kwance aka ce jirginmu ya tashi.

Ƙodar ta tsira da ƙyar. Ƙafafun ba su dawo daidai ba, yanzu a kan kujera nake salla a gefen sahu. Waɗanda aka yi mana allurar tare duk sun je sun dawo lafiya, sun kawo mini dabino da zamzam.

Har yau ana zuwa tambayata ko a hana yara riga-kafi. Nakan ce a kai su, jikokina ma ana kai su, amma in jiki ya sauya a faɗa da wuri. Bakina ya gaji da maimaitawa.

Jakar tafiyar tana nan a rataye. Irin masara matata ke ajiyewa a ciki.