Taswirar da ta kusa sa a ɗaure ni a hanyar Kusada

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da abokin aikina, cikin tsohuwar motarsa wadda in ta yi tari kajin unguwa uku ke watsewa. Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Kusada ne ya gayyace ni in nuna wa malamai yadda nake koyar da aljabara a kwaleji. Dabarar ba wuya: nakan ƙirƙiri sata, in raba wa ɗalibai shaidu, su yi lissafi su kamo ɓarawo. Ajin da a da ake minshari, yanzu sai na kore su suke fita.

Don in burge mutanen Kusada, sai na yi wa darasin kwalliya. Na zana taswira da sunayen garuruwansu na gaskiya, na rubuta: "An kora shanu daga Tafashiya, ana tafiyar kilomita ashirin a awa. Nemo X, inda aka ɓoye su." Na haɗa da katunan waɗanda ake zargi, da kuma sabuwar igiya a matsayin shaida, na zuba a jaka.

A Kankiya muka karya. Damina ta yi kyau, gero ya fi ni tsawo, amma ƙosan garin ya rame, sai ka sa tabarau kafin ka ga na naira ɗari. Mai shayi yana zuba mana yana cewa shekaranjiya an kwashe wa wani bawan Allah shanu a yankin. Na ce Allah ya mayar, na ci gaba da tauna. Ko taswirar da ke jakata ban tuna ba.

Bayan mun ɗauki hanyar Kusada muka tarar an gicciya itace. 'Yan sintiri ne, da bindigogin gargajiya, idanu jajur don rashin barci. Na yi musu barkwanci, ba wanda ya murmusa. Aka zazzage jakar. Babbansu ya ɗaga taswirar ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya dube ni.

"Alhaji, mi ke haɗa ka da shanun Tafashiya?"

"Ranka ya daɗe, darasi ne. Malamin lissafi ne ni."

"Igiyar ma lissafi ce?"

Wani daga baya ya ce, "Infoman ɓarayi ne." Kun san abin da wannan kalma ke jawo wa mutum a bakin hanya yanzu. Kafin in haɗiye miyau masu babura sun tsaya, manoma sun fito daga gona da fartanya a hannu. Na kira ɗalibina, waya ta ƙi shiga. Abokina, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a makabarta, ya koma kamar turmi. Ina kallo wani ya fara warware igiyar nan da na saya da kuɗina.

Na ce bari in nuna musu. Na tsuguna, na ɗauki kara, na warware lissafin a ƙasa, har na fito da X. Babban ya ce, "Ashe har inda za a kai su ka sani." Gumin da na yi a wurin zai shayar da kadada guda ta shinkafa.

Sai aka buɗa wa wani dattijo Bafulatani hanya, sanda a kafaɗa. Shi ne mai shanun da aka sace. Ya ce a karanta masa takardar. Da aka zo kan kilomita ashirin, ya tambaya nisan me ke nan. Wani ya ce gudun mai keke in yana sauri.

Dattijon ya dube ni. "Saniya ce ko babur? Da maruƙa, cikin damina, ga rafi ya kawo?" Ya juya ga babban. "Wanga mutum ko tunkiya bai taɓa korawa ba. Da irinshi suka kwashe mani shanu, da tun shekaranjiya suna gida. Ku sake shi."

Aka fashe da dariya, ban da shi. Tunda nake ban taɓa jin daɗin a kira ni jahili ba sai ranar. Na ce, "Baffa, to yaya tafiyarsu take?" Ya ce shi bai san kilomita ba, amma ya nuna mini wani tudu can nesa, ya ce in aka tashi da hantsi, sai azahar a kai can.

Mun isa Kusada a makare. Na gabatar da darasin da tafiyar shanun Baffa, bayan na goge sunayen garuruwa. Malamai suka kamo ɓarawon takarda cikin rabin awa, suna tafi. Ni kuwa dattijon nake tunawa, don nasa ba a kamo ba. Da za mu komo na duba wurin itacen, dattijon ba ya nan.

Mun shigo Katsina da la'asar, ban tsaya ko'ina ba sai gida. Abin da na ɗauko shi ne, satar da nake wasa da ita a allo, a can abin kuka ce a gidan wani. Yanzu garuruwan darasina sunansu A da B. Takardar kilomita ashirin kuwa tana manne a bangon ofishina. Ɗalibai na cewa, "Malam, akwai kuskure a nan." Nakan ce na sani, kada wanda ya taɓa shi.