Rijiyar Baƙi a Unguwar Masunta

Har gobe ban manta da ranar da mazan wata unguwa a Argungu suka yi mini dariya a kan rijiya ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin duba-gari. Ku yaran yanzu ba ku san aikin ba. Mu ne masu shiga gida-gida muna leƙa randa da masai da kwata, shi ya sa mata ke rugawa su rufe tulu da sun hango kakinmu. Ni kuma Bulus, ɗan dutsen Jos, ga baƙunta ga baƙin jinin aiki.

Argungu gari biyu ne a wuri ɗaya. Da damina kowa na fadama wajen shinkafa, sai tsofaffi da awaki a gida. Amma in ruwa ya janye, bikin kamun kifi ya matso, sai gari ya cika ya batse da masunta daga Yawuri, fatake daga Kamba, da 'yan kallo daga ƙetaren iyaka. Ba sa neman masauki, kowa da gidan da kakansa ya saba sauka. Maigida ya koma zaure ya bar wa baƙo ɗakinsa. Duk taron nan kuwa gulbi suke sha, nan ake wanka, nan ake wanke kifi. A shekarata ta farko na ga yadda zawo ya kwantar da yaran baƙi, abin ya tsaya mini a rai. Na ƙudurta sai an haƙa rijiya a unguwar masunta kafin biki ya zagayo.

Ƙa'ida ita ce sai maigidana, babban jami'in tsabta da ke Birnin Kebbi, ya zo ya ga wuri. Ya zo kuwa, amma a tsakiyar damina. Ya dubi unguwa shiru, ya ce, "Bulus, wa zai sha? Awaki?" Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Daga ƙarshe ya ce zai ba da simintin ɗaure rijiya, amma haƙa sai dai mutanen unguwa su yi da gayya.

Bayan girbi na tara maza, na tsaya da kakina ina gaya musu ruwan gulbi na da cuta. Wani tsohon masunci, Baba Manu, ya ce, "Malam Duba-gari, ruwan ga munka sha, shi kakanninmu sunka sha. Kai da kas sauko daga bisa dutse, kai za ka hwaɗa muna ruwa?" Aka kwashe da dariya, aka watse.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuma akwai taurin kai. Na ari diga na soma haƙa ni kaɗai, kullum in na tashi aiki. Masu wucewa su ce, "Sannu da aikin gwamnati!" Hannuna ya yi kanta, ban daina ba.

Wata rana Inna Kulu, dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, ta tsaya a bakin ramin. A ɗakinta ɗan baƙuwarta, wata mata daga Gaya ta ƙetaren iyaka, ya rasu da zawo a bikin da ya wuce. Ta ce, "Ɗana, don wa kaka wagga wahala?"

Na ce, "Don baƙinku, Inna. Ku cikinku ya saba da gulbi, nasu bai saba ba."

Ta ce, "To mi ya hana ka hwaɗi haka tun hwarko?"

Daga nan ta zarce zauren Baba Manu, maza na zaune. Ta ce, "Manu, da hannuna ni ɗebo ruwan da yaron nan yas sha. Uwatai ta ce ba ta ƙara zakkuwa garin ga. Mu mun saba, baƙo hwa? In ba ku haƙa, mu mata muna haƙa."

Washegari na tarar da maza a bakin rami kafin in iso. Baba Manu na jan ƙasa da igiya yana gunaguni, "Ta baƙi ta, ba tamu ba." Aka haƙa har aka tarar da ruwa, siminti ya zo, aka ɗaure. Inna Kulu ta ba fatake saƙo zuwa Gaya.

Baƙi suka soma sauka, ɗakin Inna Kulu a share babu kowa, kullum tana leƙen hanya. Ana gobe kamun kifi sai ga matar nan ta Gaya da sabon goyo. Inna Kulu ko gaisawa ba ta tsaya yi ba, ta ruga rijiya ta cika ƙwarya ta kawo. Matar ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta sha, ta kwance goyonta ta miƙa mata. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi hawaye.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutum na iya ƙin abin da ka ce don lafiyarsa ne, amma ba ya yarda ya ji kunyar baƙonsa. Baba Manu har ya koma ga Allah gulbi yake sha. Amma duk wanda ya sauka gidansa, shi da kansa yake ja masa guga.