Ta Goge Masa Sulallansa

A gaban teburin mai sayen tsofaffin kuɗi wata dattijuwa ce tsaye, mayafinta ya koɗe, yatsunta sun yi jajur kamar wadda ta wuni wanki. Tana kwance ƙullin gyale a hankali. Sulalla ne na ƙasashen duniya, kowanne ƙarfe biyu, cibiya ruwan zinariya, baki ruwan azurfa, sai ƙyalli suke yi.

"Na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Duk ƙasar da aiki ya kai shi, sai ya dawo da ɗaya. So nake su faɗa hannun wanda ya san darajarsu."

Mai teburin ya ɗauki ɗaya, ya juya shi.

"Mama, wa ya goge su?"

"Ni mana. Toka da lemun tsami. In kawo maka kayansa da dauɗa?"

"Kash! Ai dusashewar nan masu tarawa ke nema. Shekaru ne, da gumin hannun mai su."

Ba ta tambayi farashi ba. Ta sunkuya tana juya sulallan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ta tsallake, wanda sawun yatsan maigidanta ke kai har yanzu. Babu ko ɗaya. Da gani, ba ta taɓa yi masa aiki rabi-rabi ba.