Kakan Aro a Deira

Wata ranar Lahadi, ina aji huɗu, malamarmu 'yar Masar ta ce kowa ya zo da wani abu na kakanninsa daga tsohuwar Dubai, za a nuna wa aji ranar Alhamis. Na koma gidanmu da ke saman wani shagon atamfa a unguwar Deira, na tarar da Umma tana ɗaure kwalayen wata Hajiya mai komawa Kano, na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kakanki yana Fagge, ban da Makka bai taɓa zuwa ko'ina ba." A Dubai aka haife ni, a tsakanin dilolin kasuwar Murshid Bazaar muke ɓuya da ƙawayena, ni ke miƙa wa Abba igiya in ana ɗaurin kaya. Ban taɓa zaton garin yana da wani tarihi da babu mu a ciki ba.

Bayan la'asar Abba ya kai ni bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodin firji da buhunan shinkafa, wurin wani dattijo Balarabe da suke sallah a masallaci ɗaya. Dattijon ya ce mahaifinsa nutso yake yi yana ciro lu'ulu'u, lokacin da Turawan Ingila ke da ta cewa a gaɓar nan, kuɗin Indiya ake kashewa, ruwan sha kuma jakuna ke kawowa. Kaina ya ɗaure. Ga Ingila, ga Indiya, ga Larabawa, to garin na waye? Ya ba ni aron ɗan abin da masu nutso ke matse hanci da shi.

Ranar Alhamis na kai shi aji, malama ta ɗaga shi sama ta ce, "Mashallah, kakanki mai nutso ne?" Na ce eh. Wata yarinya ta ce ƙarya ne, ni 'yar Afirka ce. Sai na ce a'a. Malama ta ce to wanne za ta ɗauka, sai aka kaɗa ƙararrawa. A gida da na ba Abba labari bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Mu baƙi ne, Hauwa, sai dai mun daɗe."

Yau a ofishin jigilar kaya nake aiki, ina bin sawun kwantenoni a kwamfuta, sai in yi wata ban ga bakin ruwa ba. Dattijon ya rasu, Abba ya koma Kano, inda in na je ake kirana 'yar Dubai, ni da nake sabunta bizar zama a garin da aka haife ni. Har yanzu in takarda ta tambayi garinmu, sai na ɗan dakata da biro a hannu.