Kada a Ƙona Gyalen Talatala Vasemaca

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Ubangiji ya kira baiwarsa Talatala Vasemaca Raiwalui, firist ɗin ikilisiyarmu (Talatala muke ce wa firist a harshenmu), bayan gajeriyar rashin lafiya. Labarin ya same ni bakina har kunne, domin a makon ne 'yata Unaisi ta haifa mini jikata ta fari, bayan mun daɗe muna roƙo har wasu sun ce mu haƙura. Tun daga ranar na rasa yadda zan yi da fuskata. In na ɗauki jaririyar sai in ji kamar in fita titi in yi rawa, in na tuna da ke, Talatala, sai in koma in zauna. Yanzu kuma an ƙara mini ɓacin rai a kai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Talatala, ke kika zaunar da ni a ajin yamma na tsofaffi bayan na bar aikin dako a tashar jirgin ruwa ta Suva. Muna fama da baƙaƙe, ke kina gefe da allura da zare kina gyara mana kuskure ba tare da kin ɗaga kai ba. Abin da kike ɗinkawa kuwa kowa ya san shi.

A wajenmu ba a yin baftisma sai dangi sun fito da anko. Tun shekararki ta farko kika riƙa cewa a yanko miki ƙyalle daga ankon, ki ɗinka dogon gyalen nan da firist yake ratayawa a wuya. Ranar baftisma sai a ga uwa da uba da kakanni da firist duk cikin yadi ɗaya. Akwai mai furanni ja, akwai mai ganyen kwakwa, akwai wani shuɗi mai kifaye da har yau in na tuna shi sai na yi dariya. Bayan sujada kikan rubuta sunan yaron da zare a bakin gyalen, ki rataye shi a ɗakin shiri na coci.

Dattawan kwamitin coci ba su taɓa son haka ba. Sun ce kin mai da bagade kantin yadi. Sun ce 'yan kunnenki suna ɗauke hankalin masu addu'a. Sun kawo miki baƙar rigar da aka ɗinka wa wani ƙaton firist namiji tun kafin a haife ki, suka ce ita ce ta dace. Kika sa ta sau ɗaya, kina jan ta a ƙasa, kika ce a gaban kowa: “Iyayena, na gode, amma coci yana da tsintsiya.” Ba ki raina ƙa'ida ba. Lokacin azumi kina sa launin azumi, gidan makoki kina zuwa da baƙi kamar kowa. Ranar farin ciki ce kawai kika ƙi yi wa jama'a shigar baƙin ciki.

Ban manta da Mereani ba, yarinyar da ta zo daga tsibiri ta haihu a nan, ba miji, ba dangi. Ta ce a yi wa ɗanta baftisma a ɓoye domin ba ta da wanda zai tsaya mata. Kika tafi kasuwa da kanki kika sayo yadi, kika ɗinka mata riga da zani, kika ɗinka wa jaririn, kika yi naki gyalen. Ran Lahadi ku uku kuka tsaya a gaba cikin anko. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ina danginta, kika ce: “Kaka, ba ki ga kayana ba ne?” Yaron nan yanzu shi ke tuƙa motar hayar da take kai mu garin Nausori.

Da cikin Unaisi ya tsufa, na kai miki ƙyallenmu, ruwan ɗorawa mai farin fure. Kika ɗaga shi kika ce: “Apenisa, wannan ai ko makaho zai san an yi maka jika.” Kin gama ɗinkin, kin rataye shi tare da sauran. Suna kaɗai ya rage ki sa.

Bayan jana'izarki kwamiti ya zauna. An kwashe gyalen duka an cusa a kwali, an kulle. Hukuncinsu shi ne ranar Asabar mai zuwa za a ƙona su a bayan coci, wai haka ake yi wa kayan hidimar da aka daina amfani da su. Shugaban kwamitin Semesa ne, taubashina, don haka na same shi a gida yana shan yaqona, abin shanmu na gargajiya, da abokansa.

Na ce: “Taubashi, ashe ka zama mai ƙona shara ban sani ba?”

Ya ce: “Zauna ka sha, tsohon ɗan makaranta. Kayan coci ne masu tsarki, ba a barin su suna yawo.”

Na ce: “Tana da rai kun ce ba kayan coci ba ne. Yaushe suka yi tsarki, da ta rufe ido?”

Ya ce: “Kai dai jika ta juya maka kai. Wane firist ne zai rataya labulen falo a wuyansa?”

Na ce: “Na jikanka Josaia ma yana cikin kwalin, mai kifayen nan. Shi ma labule ne?”

Abokansa suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba, ya dai miƙa mini ƙoƙo ya ce an riga an yanke. Na sha saboda ladabi, na tashi.

Ina faɗa a fili, wannan ba girmama kayan tsarki ba ne. Ba su tsufa ba, ba su yage ba. Abin da aka kasa cirewa daga wuyanki kina tsaye, shi ake so a gama da shi kina kwance. A cikin kwalin nan akwai sunayen 'ya'yanmu, har da waɗanda muka binne, kuma akwai iyayen da ba su da hoton ranar, sai wannan ƙyallen. Wa aka tambaya? Ko mijinki Isikeli ba a tambaya ba, alhali a falonsa aka yi rabin ɗinkin.

Jiya muka je wurinsa da yaqona, kamar yadda aka saba, muka roƙi sunanki wa jaririyar. Ya ɗauke ta ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce: “Na ba ku. Vasemaca, kin zo kin tarar ana rigima a kan kayanki.” Ya ce duk abin da takwara ta bari a kwalin nan, shi a wurinsa na wannan yarinya ne da sauran yaran da sunansu yake jiki.

To ga abin da zan yi. Ina sanye da baƙi saboda ke, kuma ba zan cire ba sai lokacinsa ya yi. Amma ranar Asabar da safe zan kai kujerata bayan coci in zauna da jikata a hannu, Isikeli yana gefena. Duk wanda Talatala ta yi wa ɗansa baftisma, ya zo ya karɓi nasa. Ba za mu yi faɗa ba, ba za mu fasa ƙofa ba. Ni guda ɗaya nake nema, mai ruwan ɗorawa, domin matata ta sa masa suna, firist ya rataya shi a wuya ranar baftismar. Semesa, in har sai ka kunna ashanar, to ka kunna ta a gaban Vasemaca ƙarama.

Ubangiji ya ji ƙanki, Talatala, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin salamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Isikeli, da 'ya'yanku, da dukan dangin Raiwalui, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Ya kuma tausasa zukatan dattawanmu kafin Asabar, ya raya mana takwararki. Amin.

Apenisa Vakaloloma